Rasuwar Sarzan Safiyanu Mahamud na Rukunin Jeni

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji 'Yan Adar ta Madawa, Buza da Keita ta samu labarin rasuwar ɗanmu, Sarzan Safiyanu Mahamud, haifaffen Galma, wanda nakiya ta tashi da shi a bakin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya yi hidimarsa a rukunin jeni, waɗanda mutanen gari suka sani da gina gada da gyaran hanya, har mu da muka tsufa a bayan igwa mukan tsokane su da magina masu kaki. To amma soja rukuni-rukuni ne, kowa da aikinsa: akwai dakarun ƙasa da masu motocin sulke da 'yan igwa da masu sadarwa da likitoci, kuma duk ƙarfinsu ba wanda ke taka hanyar da ake zargi sai ɗan jeni ya sauka ya bi ta da ƙafa, yana laluben abin da aka binne.

Haka ya yi a ranar da abin ya faru. Ayari na tsaye a bayansa ya gano nakiya, ya kori yaransa baya bisa ƙa'idarsu ta mutum ɗaya kan nakiya ɗaya, ya durƙusa ya kwance ta. Ashe azzalumai sun binne wata a ƙarƙashinta, musamman domin mai kwancewa, ita ce kuwa ta tashi da shi. Ƙurar ba ta lafa ba suka buɗe wuta daga cikin duwatsu. Dakarun ƙasa suka mayar da martani, 'yan sulke suka fatattake su, likitoci suka kwashe masu rauni, amma Safiyanu ba su tarar da abin yi masa ba. Wallahi abin ya ƙona mana rai, kuma Allah ya isa tsakaninmu da masu wannan aika-aika.

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, Hajiya Cima, da maiɗakinsa, Malama Fa'iza, da al'ummar Galma baki ɗaya. Roƙon Hajiya ya iso mana, cewa a kawo mata ɗanta gida ta ga fuskarsa kafin a rufe shi, kuma mun kai maganar har inda ƙafarmu ta iya kaiwa. Hajiya, ki yi haƙuri, ba raini ba ne ya hana. Abin da abokansa suka tsinto a wurin, cikin bargo guda suka naɗe shi suka yi masa sutura.

Allah ya karɓi shahadarsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi, amin.

Ajudan-shef Lawali Isaka (mai ritaya)
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji 'Yan Adar, Madawa