Ranar da Yaya ta ƙi taimakon Kaka

Daren Laraba, Mansur

Yau na raka Kaka ofishin su Yaya Hauwa, ta gwada manhajar wayar da suke tsarawa don alhazai su gane motarsu a tashar Kudai ta Makka. Dokarsu ita ce ba a taimakon mai gwaji. In Kaka ta kasa, za a watsar da tsarin Yaya.

Kaka ta yi ta danna inda ba nan ba. "Ke Hauwa, zuba mini ido za ki yi? Tarbiyyar ke nan?"

Yaya ta sunkuyar da kai, amma ba ta taɓa wayar ba. Da ni ce, da tuni na miƙa hannu. Can sai Kaka ta gano motar a manhajar.

A hanya ba ta kula Yaya ba. Bayan isha'i kuma na ji tana ce wa maƙwabciyarmu, "Jikata ce ta yi shi. Kuma wallahi ba wanda ya nuna mini."