Albarushin da Ya Kai Ni Allon Orval

Delbert Haugland,
Mamba mai lamba 23,
Hanyar Makiyaya, Harlow Creek, Montana.
7 ga Oktoba, 2019.

Zuwa ga Uwargida Verna Kolstad,
Sakatariyar Kwamitin Gasa,
Ƙungiyar Maharban Nesa ta Harlow Creek.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: SHIRIN RABA NI DA TEBUR NA SHIDA A KAN LAIFIN DA ALBARUSHI YA AIKATA

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarki ta ranar 1 ga wata, wadda ta sanar da ni cewa kwamiti zai zauna ranar 19 domin cire ni daga layin yadi ɗari shida a bisa Doka ta 12, wai na harbi allon wani sau biyu a shekara guda. Shekara talatin da ɗaya nake zama a teburin harbi na shida. Ina roƙon a saurari bayanina kafin a maida ni layin yadi ɗari, inda ake koya wa sababbi riƙe bindiga.

1. Kamar yadda kika sani, da hannuna nake ɗura harsashina, ƙwaya-ƙwaya nake auna albarushi. Kowane maharbi ya san kamfani yana yin albarushi zubi-zubi, kuma ko suna ɗaya ne a jikin gwangwani, zubin bana ba ya ci kamar na bara. A 2009 na dace da wani zubi mai lamba 0417 wanda bindigata ta amince da shi, na kwashe duk irinsa da ke shagon Merle. Matata Arlene ta ce ko ranar aurenmu ba ta ga na yi irin wannan fara'a ba. Na yi ta tattalinsa shekara goma, ya ƙare a watan Mayu, kuma ban ji kunyar cewa na yi baƙin ciki ba.

2. Na koma wurin Merle, ya miƙo mini sabon zubi, ya ce duk ɗaya ne. Merle, da girmamawa, mutum ne da ke sayar da albarushi da abincin kare a kanta ɗaya. Na gwada a na'urar auna gudun harsashi, na ga bambanci ƙarara, na rubuta wa kamfanin takarda shafi huɗu. Suka aiko mini da hula.

3. Ranar Asabar, 28 ga Satumba, da ƙarfe goma da kwata na safe, iska a kwance, na harba biyar. Da aka je dubawa, allona na shida fes, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Allo na bakwai kuwa, na Orval Pruitt, yana ɗauke da huda goma: biyar nasa a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba, biyar nawa a cure wuri guda, murfin kwalba zai rufe su. Tun da nake ban taɓa harbi mai kyan wannan ba. Ina so kwamiti ya lura cewa sabon albarushin ne ya ɗebi harsasan nan biyar ya kai su ƙafa takwas dama, dukansu, ba tare da shawarata ba.

4. Alƙalin fili, Duane Fetters, ya ce a shekara arba'in bai taɓa jin zubin da ke karkatar da harsashi ƙafa takwas kuma ya tara su a rami ɗaya ba. Na ce masa ni ma ban taɓa ji ba, shi ya sa nake ƙorafi.

5. A wurin cin abincin rana, ina zaune da kwanon wake da nama, Orval ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Del, tsohon banza, na gode. Shekara ashirin ina neman abin da zan rataya a falo, yau ka yi mini." Aka yi ta dariya har da matan da ke raba kofi. An ce ya sa wa allon gilashi. Ina neman a karɓo mini rabina.

6. Akwai masu yaɗa cewa Orval ma da sabon zubin yake harbi, kuma harsasansa suna zuwa inda ya aike su. Amsata ita ce Orval bai iya harbin da zai gane bambanci ba.

7. Game da kuskuren farko na watan Yuni, shi ma a allon Orval, na riga na bayyana cewa iska ce.

8. Ina kuma ƙin amincewa da shigar iyali cikin harkar ƙungiya. Na samu labarin Arlene ta tare ki bayan coci ta gaya miki na zuba gishiri a kofi maimakon sukari sau biyu, kuma na ɗaga wa akwatin wasiƙa hannu ina zaton maƙwabcinmu ne. Waɗannan al'amuran gida ne. Takardar ganin likitan ido da ta manna a jikin firji tun watan Afrilu ba ta da alaƙa da wannan ƙara, kuma ban ma karanta ta ba, don an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe.

Saboda haka ina roƙon kwamiti mai daraja ya ɗora laifin 28 ga Satumba a kan albarushi, ya rubuta harbin nan biyar da sunana, ya kuma bar mini teburina. Ranki ya daɗe, shekarata saba'in da huɗu. Mutum uku da muka zuba simintin teburan nan tare duk sun rasu. Idan aka ɗauke mini safiyar Asabar, ban san inda zan kai ta ba.

A ƙarshe, ina ba da shawarar a sake fentin lambobin da ke saman allunan, a yi su manya, ninki uku in da hali. A 'yan shekarun nan shida da bakwai sun dushe ƙwarai, duk da Duane ya rantse a watan Mayu ya yi musu fenti. Ba don kaina nake faɗa ba, don matasanmu ne.

Ina jiran hukuncinku cikin ladabi da biyayya. In za a aiko da amsa, a buga ta da manyan baƙaƙe.

Naku mai biyayya,
Delbert Haugland,
Tebur na shida.