Sunan da Ya Maƙale Mini a Kasuwar Falermo

Zuwa ga Gogo Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Maraɗi. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranki. Mu nan unguwar Ulaisha lafiya lau, sai zafin Riyad da ba ya raga wa kowa. Maigida Malam Rabilu yana nan yana fama da shagonsa a kasuwar Batha, an sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, 'yata Nazira kuma ta kusa gama karatu.

Gogo, kin ji labarin yaron nan, ɗan farina, ya ɗauke ni da matarsa Sumayya mun tafi yawon buɗe ido. Na san an nuna miki hotuna kin yi murna. To, akwai abin da bai fito a hoto ba, kuma tun da muka dawo kunyarsa ta hana ni sakat.

Mun fara da Tunis. Ya kai mu wani gari a kan tudu, gidaje farare fat, ƙofofi shuɗi, teku shimfiɗe a ƙasa har inda ido ya gaji. Ya kai mu gidan tarihi inda aka jera ƙananan duwatsu masu launi aka zana kifaye da jiragen ruwa, sai ki rantse saƙa ce. Wallahi zuciyata ta cika. Amma duk sanda ya juyo ya tambaye ni ko wurin ya yi mini, sai in kau da kai in ce ba laifi. Ya sa aka kawo mana kuskus da gasasshen kifi, ƙamshi har ka, na tsakura kaɗan na ture kwano, don ban iya zama gaban ɗan fari da suruka ina cika baki ba. Haka kika rene ni, haka na ga ana yi, ban taɓa tunanin akwai wani abu a ciki ba.

Daga nan muka hau jirgin ruwa zuwa Falermo, a ƙasar Italiya. Kasuwarsu lunguna ce matsattsu, masu kifi da masu zaitun kowa yana kwarara ihu kamar ana faɗa. Ni da son kallo, na tsaya gaban wasu farantan ƙasa masu zanen lemo, ina tunanin tsarabarki. Ina ɗagowa babu shi, babu Sumayya, wayata kuwa tana cikin jakarta. Can na hango shi a bakin lungu, ya ba ni baya, yana ɗaga wuya yana dube-dube. Gogo, kira ɗaya ya isa ya juyo. Na buɗe baki, sunan ya maƙale. Na ce kai, na ce yaro, ihun masu kifi ya haɗiye muryata. Ina kallo ya kutsa cikin mutane ya yi wata hanya.

Wani mai kifi ɗan Tunis da ke jin Larabci ya ga ina hawaye, ya zaunar da ni a kan akwati ya ba ni ruwa. Ya tambayi sunan ɗan nawa don a yi cigiya, ni kuwa na ba shi sunan matar da sunan uban. Bawan Allah ya tsaya yana kallona, ya ɗauka ruɗewa ce ta sa uwa ta manta sunan ɗanta. Sai bayan la'asar yaron ya same ni, rigarsa jiƙe sharkaf da gumi, idanunsa jawur, ya zagaye asibiti da ofishin 'yan sanda. Mai kifin kuwa, cikin raha, ya kwashe labarin duka ya faɗa masa. Yaron ya karɓi jakata muka tafi.

Sai da muka sauka a filin jirgin Sarki Khalid na Riyad, muna jiran kaya, Sumayya ta ja ni gefe. Ta ce ya daɗe yana shirya tafiyar nan don ya ji sau ɗaya na ce na ji daɗin wani abu da ya yi mini. Ta ce ya gaya mata tun yana ƙarami yake jin ana kiran maƙwabtanmu da sunan 'ya'yansu na fari, suna amsawa da alfahari, ni kuma na ce a riƙa kira na Ummu Nazira. Ta ce ranar kasuwa ya yi kuka, ya ce ko ɓata na yi ba zan kira shi ba. Gogo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron nan a Riyad aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa a wajenmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Ni na zaci ya sani.

Yanzu ranar Juma'a yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye cefane, ya ce yana sauri. Da kuwa sai ya kai magariba yana tsokanar Nazira. Ina tsoron in wayi gari ina da ɗa mai biyayya wanda zuciyarsa ta bar gidana. Ba laifinki nake gani ba, kunyar da kika koya mini ta rufa mini asiri a wurare da yawa. Amma ki yafe mini, wannan karon zan ajiye ta. Na yi ta gwada kiran sunansa ni kaɗai a kicin, har Nazira ta leƙo ta tambaya da wa nake magana.

Ki gaishe mini da Kawu Harouna da iyalinsa, da Sahadatou da jaririnta, da Salissou da zai karanta miki wannan. Salissou, kada ka tsallake layin ƙarshe don jin nauyi, ka karanta mata shi da ƙarfi. Farantinki yana nan, zan ba masu dawowa daga Umra. Malam da Nazira da Sumayya suna gaishe ki. Ki sa mu a addu'a, Juma'a ta kusa.

'Yarki,
Zuhura, Ummu Almustafa