Ƙasar Sawuna

Kumasi, 1961

Zuwa ga Gogo, a Birchi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Sauda da yara, yaya shanu?

Kada hankalinki ya tashi, ina asibiti amma da sauƙi. Zazzaɓi ne da tari, sai maruru a cinya. Likita ya ɗebi mugunya ya auna, ya ce meliyodosis ne. Wai ƙwayar cutar a laka take, ta faso ta shige ni a gonar shinkafar da nake ƙwadago. Allura ake yi mini, magani kuma sai na yi watanni ina sha. Ki hana yara shiga fadama da rauni a ƙafa.

Amma Gogo, mu da yawa muke taka lakar nan, ni kaɗai na kwanta. Kuma ranar da na taho na waiwaya, na ga kin duƙa kina ɗibar ƙasa daidai inda na taka.

Ban zarge ki ba. Sai dai in ƙasar sawuna kika kai wa malam don a kira ni gida, ki ce ya sassauta. Ina samun ƙafa zan taho da kaina.

Allah ya ja kwana.

Ɗanki,
Sabitu