Ƙwayar Asabar da Shayinki

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, matar da shekara talatin da huɗu ba su ishe ni kallonta ba.

Yau kwana tara da tafiyarki gidan 'yarmu, wai za ki dubo jika. Wane jikan? Wanda ke hawa katanga don tsabar lafiya? Masoyiyata, na san abin da ya kore ki, kuma tun da kika fita hankalina bai kwanta ba.

Ina nan ina ganinki a ofishin likita, ranar da ya jera awon ƙarfin ƙashina guda biyu, na shekara biyu baya da na bana. Mun je da murna, mun ɗauka magani ya cike ƙashin da ke zaizayewa, sai ga lambar kwankwasona ta ƙara yin ƙasa. Ya tambayi yadda nake shan ƙwayar mako-mako. Kika amsa da fara'a cewa kowace Asabar ke kike kawo mini ita har gado, da shayi mai kaurin madara. Da ya ce shayi da madara suna hana maganin shiga jiki, ruwa zalla ake so, ciki babu komai, kuma ba a kwanciya sai bayan rabin awa, na ga jakarki ta suɓuce daga hannunki.

To, ki ji abin da na ɓoye miki. Na sani. Mai ba da magani ya yi mini wannan bayani tun ranar farko, na yi gum. Ta yaya zan mayar da kofin da kika zauna bakin gado kina hura mini? Na ce a raina, ɗan shayi me zai yi? Wautar tawa ce, ke ƙauna kawai kika zuba.

Ni kafinta ne, na san katakon da gara ta ci: waje sumul, ciki fanko. Yanzu ina tsoron matakalar shago, ina tsoron santsin banɗaki, ko atishawa sai na dafa bango. Amma wanda ya fi cin raina shi ne kina can kina tuhumar kanki da laifina.

Likita ya ce baɗi za a sake awo a kan na'urar da aka yi na baya da ita. Idan lambar ba ta ɗaga ba, sai allura. Wa zai riƙe mini takardu a layi? Fuskar wa zan duba kafin na dubi lambar?

Asabar ɗin nan na sha da ruwa, na tsaya jikin taga ni kaɗai ina kallon ƙofar gida. Ban taɓa sanin rabin awa na da tsawo haka ba.

Ki dawo, ruwan sanyin zuciyata, ki yi mini faɗan da na cancanta. Zan ji shi a tsaye.

Naki ke kaɗai, ko a miƙe ko a ranƙwafe, har numfashin ƙarshe,
Mijinki kafinta.