Fitilar da Rigata ta Rufe

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinki na asibiti. Mu nan lafiya lau. Mamanki na nan da ƙarfinta, Auta ya fara tsirar gemu yana ta shafawa, gwiwata kuma ta warke, sai ɗan tabon da nake nuna wa 'yan dubiya.

Umarninki ya iso, an kuma zartar da shi tun kafin a sanar da wanda ake tuhuma. Na wayi gari na tarar an sa wa kekena kwaɗo, Mamanki ta ce ke kika ce kada in sake hawa da dare. Na sa miki sunan mahaifiyata ne don girmamawa, ban san za ki karɓi muƙamin da gaske ba. To ki saurara, ba zan daina ba. Ajin manya da nake koyarwa a bayan kasuwa sai bayan isha'i ake tashi, lokacin babu motar haya a hanyarmu. In keke ya tsaya, aji ya tsaya. Akwai wani tsohon mahauci da ya kusa iya rubuta sunansa, ba zan bar shi a tsakiyar hanya ba.

Ba a gaya miki labarin duka ba. Mai babur ɗin da ya buge ni ya rantse bai ga wata fitila a bayan kekena ba, ni kuwa na rantse tana kunne, kuma babu maƙaryaci a cikinmu. Ni na zaɓi fitilar nan, bayan na karance kwalinta kamar mai shirin jarrabawa: mai caji ce, ruwan sama ba ya ɓata ta. Na ɗaure ta a ƙarƙashin sirdi yadda hoton ya nuna. Sai dai mutumin hoton gajeren wando ne a jikinsa. Ni kuwa da doguwar rigata nake hawa, ina zama sai ta sauko ta lulluɓe fitilar ruf. Ashe cikin rigata nake ta haskawa. Mamanki ta ce ta sha ganin bayana yana ja-ja in na fita, ta ɗauka wani sabon salo ne na masu ilimi.

Jiya na taka da ƙafa har shagon kayan keke. Mai shagon ya so ya tura mini wata mai walƙiya kamar ta motar asibitinku, na ce ba biki zan je ba. Na ɗauki wadda ake ɗaurewa da noti a can ƙarshen kariyar ɗora kaya ta bayan keke, inda bakin riga ba ya kaiwa, haskenta a tsaye, ana kuma hango ta daga gefe. Kawunki ya ba da shawarar in rage tsawon rigar. Wannan ma na ƙi.

Da magariba na ɗaura sabuwar fitilar, na roƙi Mamanki aron makulli, na sa rigar da ta fi kowace faɗi, na ce ta tsaya a ƙofar gida. Na tuƙa har ƙarshen layi na dawo. Ta ce ta ga jan hasken har na sha kwana wajen shagon tela, ta kuma ce ita ba ruwanta, in yi miki bayani da kaina.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da ya yi shiru a wannan shari'a. Ki shafa mini kan Takwarana da 'Yar Baƙa. Mamanki da Auta da Gwaggonki suna gaishe ku. Makullin yana aljihuna. In kina son sa, ki zo ki karɓa da kanki, mun daɗe ba mu gan ki ba.

Ni ne mahaifinki mai taurin kai,
Baba