Kada a Sake Kulle Inna

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali duka. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Bungudu sai godiya.

Kawu, tun da aka sako Inna daga gidan yari ba ta dawo daidai ba. Ko tuwo na ajiye mata, ba ta ci sai na ce an ba da izini. Shekaranjiya na sa sakata saboda awaki, sai ta durƙusa tana cewa, "Ranki ya daɗe, ban yi komai ba." Ni ɗiyarta fa, Kawu.

Wata ma'aikaciyar asibiti a Gusau ta ce ciwon firgita ne, yana da magani, amma kada a rufe ta. Baba kuwa ya ce iska ce. Da an gama yankan gero zai kai ta wurin mai magani, inda ake sa wa mutum mari a ƙafa a kulle shi.

Na gaji, Kawu. Kai ne yayanta, kuma Baba yana jin maganarka. Don Allah ka zo kafin girbi. Sakatar gidanmu na cire na ɓoye, amma ta can ba zan iya ba.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ɗiyarka,
Hadiza